Wata guda kafin a taɓa bangon Baba

Daga wurin Allah muka fito, can kuma Baba ya riga mu komawa, ranar wata Talata da hantsi, bayan ya sha kokonsa ya yi wa Mma ƙorafin cewa an rage citta. Bai yi jinya ba. Ya jingina a kan tabarmarsa kamar mai gyangyaɗi, Mma kuwa tana daga madafa tana ta zuba masa bayanin tsadar citta. Sai da ta ga ta yi magana sau uku bai musa mata ba, sannan ta san ba lafiya, ta leƙo.

Kafin la'asar layinmu na Maamobi ya cika. 'Yan albasa na kasuwar Agbogbloshie sun zo da ƙanshin sana'arsu a jikin riguna. Direbobin bas-bas ɗin haya da muke kira trotro sun ajiye motoci sun bi sahu. Mai fentin unguwa, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana faɗa da Baba, shi ya fi kowa kuka, har sai da aka kama shi aka zaunar. A ƙarƙashin rumfa kuma ga wasu samari biyu cikin kwat, wakilan kamfanonin sabulu guda biyu da ba sa ga maciji da juna, sun haɗu a benci ɗaya suna ta sunkuyar da kai. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta leƙa su ta ƙofa ta dawo ta zauna kusa da ni.

"Ido ɗaya yana hawaye," in ji ta, "ɗayan yana auna bango."

Matan da ke zaune da mu suka yi dariyar da ba su shirya ba. Can mai sayar da shinkafa da wake ta bakin titi ta share fuska da gefen mayafi ta ce wa Mma, "Hajiya, yanzu wa zai faɗa mu abin da za mu saya?" Da gaske take, kuma babu wadda ta yi mata dariya.

Ni ban yi dariya ba, ban kuma iya kuka sosai ba a ranar. Bangon da ake magana fari fat yake sa'ad da Baba ya rasu, domin yana tsakiyar gwajin wani kaya bai yanke hukunci ba. Kayan nan nawa ne. Saura kwana tara ya faɗa mini ko na ci ko na faɗi, ya tafi da amsar a bakinsa.

Wanda bai san Maamobi ba sai an yi masa bayani. A Accra, in gidanka yana bakin titi, kamfanoni sukan zo su roƙe ka su shafe maka bango da launinsu kyauta, su rubuta sunan kayansu a kai. Yawancin masu gida murna suke yi, ga fenti ba ko kwabo. Namu bangon dogo ne, kuma daidai gabansa trotro ke tsayawa sauke mutane, saboda haka duk wanda ya fito daga unguwar Nima ko zai shiga sai ya kalle shi ko ba ya so. Kamfanoni kuwa sun san haka.

Baba ya zo ƙasar nan yana saurayi daga wani ƙauye a Nijar, a bayan motar albasa, kuma albasar ya sayar har ƙarfinsa ya ƙare. Hausarsa ta can ce, ba irin tamu ta Zongo da muke gauraya da Twi da Ga da Turanci ba. Bai yi boko ba. Amma ya san yadda ake jera manya a bakin buhu a ɓoye ƙanana a ƙasa, don shi ma ya yi a farkon zuwansa, kuma ba ya ɓoye wa kowa. Ya ce ya daina ne ranar da wata tsohuwa ta zazzage buhunsa a gaban jama'a, ba ta zage shi ba, ta dai tsaya tana kallonsa. Tun daga nan duk abin da aka nuna masa sai ya nemi ganin ƙasan buhun.

Dokarsa ɗaya ce. Ba a rubuta sunan kaya a bangonsa sai gidanmu ya yi wata guda yana amfani da shi. Mu kuwa mutanen gida babu wanda ya tambaye mu ko mun yarda. Mun yi wanka da sabulun da ya sa Mma susa har ta yi rantsuwa. Mun sha wani shayi da Yaya ya ce ɗanɗanon tsohuwar tabarma gare shi. Da masu layin waya suka zo, Baba ya wuni yana kiran ƙanensa na ƙauye daga kowane lungu na gidan, har da banɗaki, yana cewa, "Kana jina? To yanzu fa?" Masu man goge baki sun same shi ba haƙora, sai ya jera mu kowace Juma'a mu yaƙe baki ya duba. Masu ƙunzugun jarirai kuwa ya ce musu gidan ba jariri a yanzu, amma matar Yaya tana da ciki, su dawo bayan suna. Sun dawo ɗin kuwa.

In kaya ya ci gwaji, saura magana. Ni ce mai karanta masa tun ina makaranta, ni ce kuma tafinta. Sai ya zauna a benci, wakilin kamfani ya buɗe takardar zanen, in karanta layi ɗaya in fassara.

"Sun ce, na ɗaya a duk ƙasa."

"Madalla. Wa ya zo na biyu?"

Wakilin ya yi murmushi ya ce ai salon magana ne kawai.

"To a kai salon bangon wani," in ji Baba. "Karanta na gaba."

Wata rana aka kawo hoton wata mace kyakkyawa riƙe da galan na man girki, tana dariya har kunne. Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a tambayi yaron nan me ya ba ta dariya. Shekara arba'in yana ganin Mma da man girki, bai taɓa ganin ya ba ta dariya ba. Wakilin nan mai kirki ne, ya faɗi gaskiya. Ya ce mace ba mai take saya ba, so take ta zama wannan ta cikin hoton, mai tsabtataccen madafa da hankali kwance. Baba ya ji daɗin amsar ƙwarai, ya sa aka kawo masa lemo, ya yi ta yi masa tambayoyi a kan sana'arsu: me ya sa ja, me ya sa rawaya, me ya sa waƙarsu ke maƙale wa mutum a kai har cikin salla. Da suka gama ya ce a zana galan ɗin, a bar baiwar Allah ta je ta huta.

Da haka bangon ya yi suna. Mace za ta sauko daga mota ta ga sabon rubutu, ta wuce kanti ta ce a ba ta na bangon Alhaji. Masu kanti ma kafin su sari sabon kaya sai su leƙo su ga launin gidanmu. Baba yana jin daɗin wannan, ba zan ɓoye ba. Yakan fito da yamma ya zauna gaban bangon yana amsa gaisuwa, yana gyara hula.

Sau ɗaya abin ya ci shi. Wani tumatirin gwangwani ya ci gwaji, aka shafe mu da ja. Bayan 'yan watanni sai mai shinkafa da wake ta zo da gwangwani a buɗe, ta ce miyarta ta koma kamar kunu, sun canza abin da ke ciki. Baba ya sa yatsa ya lasa. Bai aika wa kamfanin ba, bai jira mai fenti ba. Ya kwaɓa farar ƙasa a bokiti, ya fito da rana tsaka da tsintsiya ya shafe rubutun da kansa, babbar rigarsa duk ta ɓaci. Daga nan ya bi masu abinci na layin ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙuri. Mai fenti ya yi sati biyu ba ya gaishe shi, wai an ɓata masa zanen tumatir mafi kyau da ya taɓa yi.

Yanzu in zo kan nawa laifin.

Bayan na yi aure na koma unguwar Madina, can gefen Accra, yara suka fara girma, sai na fara soya shito na sayarwa, wato baƙin yajin nan da ake soyawa da mai da busasshen kifi. Ba a gidanmu na koya ba. Maƙwabciyarmu ce ta koya mini, wata 'yar ƙabilar Ga, Kirista, mai sayar da kenke, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi a ƙarshen bangonmu tun kafin a yaye ni. Anti muke ce mata, kowa da kowa, har Baba. Ina yarinya nakan tsaya mata wurin tukunya, tana dukan hannuna da ludayi in na yi gaggawar zuba barkono albasa ba ta yi ba.

Shitona yana da daɗi, wannan ko maƙiyina ya sani. Amma kwalba ce kawai ba suna, ciniki kuma yana tafiyar hawainiya. Mijin ƙanwata yana aiki a wani kamfanin talla, shi ya zaunar da ni. Ya ce, "Yaya, shito ya cika gari. Mutane labari suke saya." Ya zana mini takardar mannawa mai kyan gaske: wata tsohuwa da farin mayafi da carbi, wadda ya samo hotonta a kwamfuta, a ƙasa kuma an rubuta, Girkin Kaka, sirrin gidanmu tun daga Arewa. Wallahi abin ya yi aiki. Kwalaben suka fara tafiya. Wata mata a kasuwar Madina har ta ce mini da ta ɗanɗana sai da ta tuna kakarta. Na ce mata Allah sarki.

Abin da ya rage mini bango ne. Na san in sunana ya hau shi, Nima da Maamobi sun zama nawa. Na kai wa Baba kwalaben a cikin bokiti, ba takarda a jiki, na ce a fara gwaji. Wata guda ya yi yana ci da komai, har da burodi. Mma ta ce ta kama shi yana kankare gindin kwalba da cokalin shayi. Ranar da wata ya cika na zo da zanen a naɗe, na yi kwalliya, na riga na yi wa mai fenti magana.

"Yaji ya yi," in ji Baba. "Karanta mini."

Na karanta, muryata tana ɗan sauka.

Ya karɓi takardar ya kai ta kusa da ido. "Wace ce wannan?"

"Hoto ne kawai, Baba."

"Uwata dai ba haka take ba. Baƙa ce, siririya, da tsaga a kumatu. Daddawa ta iya, da yajin ƙuli. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa ganin teku ba, balle kifinsa. Ko ta wajen uwarki ce?"

Mma ta amsa daga ɗaki cewa kada a sa uwarta a cikin wannan magana.

Na ce kowa haka yake yi. Na ce ba wanda aka cuta, yaji dai mai kyau ne, shi da bakinsa ya faɗa. Ya ce wadda ta koya mini tana zaune a ƙarshen bangon nan, kullum za ta ɗaga kai ta ga an ba wata tsohuwar kwamfuta aikin hannunta. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni. Na ce ya shafa wa baƙi sunansu shekara da shekaru, 'yar cikinsa ce kaɗai ba ta isa ba. Ya naɗe takardar a hankali ya miƙo mini.

"Su ma na goge musu ƙaryarsu kafin su hau," in ji shi. "Ke kika karanta mini."

Wata uku ban taka Maamobi ba. Mma kawai nake kira a waya, in tambayi lafiyar kowa ban da mutum ɗaya. Shi kuwa bai fasa cin shitona ba. Yakan aiki Mma ta saya a kanti, ya zauna ya ɓare takardar da farce, ya ci abinsa. Da takardun suka taru sai ya sa su a ambulan ya ba direban trotro ya kawo mini har Madina, da saƙon cewa ga kakata nan ya dawo mini da ita. Na yi fushi, na kuma yi dariya ni kaɗai a madafa.

Ba shi ya karya ni ba, Anti ce. Mun haɗu a Agbogbloshie wajen masu busasshen kifi. Ta rungume ni, ta buɗe jakarta ta fito da kwalbata, ta ce a kanti ta gani ta saya. Da irin Hausarta ta ce, "Ashe kakanki ma ya iya shito. Ya yi daɗi paa." Ba gatse a muryarta, murna take taya ni da zuciya ɗaya. Da ta zage ni da na sami abin faɗa. Na koma gida ban sayi kifin ba.

Bayan kwana biyu na je rumfarta na durƙusa na faɗa mata komai. Ta yi ta dariya har da tari, sannan ta ce in dai hoto ake so, a bari ta ɗaura ɗankwalin zuwa coci. Mijin ƙanwata ya ce na kashe kasuwata da hannuna, labarin kaka ya fi shiga zuciya. Na ce ya rubuta abin da na faɗa masa kawai: Shiton Anti, ita ta koya mini.

Na kai wa Baba sabuwar kwalba. Bai ce ina na shiga wata uku ba. Ya dubi hoton ya ce wannan kam ya santa, ta taɓa aron tsintsiyarsa ba ta mayar ba. Na karanta masa rubutun. Ya gyaɗa kai.

"To, sai a fara ƙirga wata."

"Baba, ai yajin bai canza ba."

"Maganar ta canza. Ita ma sai na gwada ta."

Na san halinsa, ban ja ba. Ya sa aka shafe bangon fari, alamar ana jira. Kwana ashirin da ɗaya da wannan maganar aka kira ni a waya da hantsi.

Bayan sadakar uku Yaya ya same ni. Ya ce bango yanzu namu ne, ga 'yan kwat nan sun fara aiko da gaisuwa, gara in kira mai fenti in hau abina kafin su rigaye ni. Gwaggo ma ta ce ai da ya ƙara kwana tara a duniya da ya yarda. Wataƙila haka ne. Amma duk macen da za ta sauko daga mota ta ga sunana a can, za ta ɗauka Alhaji ya gwada ya sa albarka, ni kuwa ban ji daga bakinsa ba. Na riga na yi ƙarya da kakata, ba zan ƙara da ubana ba. Na ce a bar shi fari. Abin da ya fi ci mini rai a kwanakin nan shi ne wata ukun da na yi ina fushi, da ban yi su ba da tuni na ji amsata.

Anti tana zuwa kullum zaman makoki. Takan kawo kifi, ta zauna kusa da Mma, ta ga idona a kumbure, ta tashi ta tafi. Aka yi sadakar bakwai, baƙi suka watse. Kwana biyu bayan nan, da safe ina shara, sai ga ta ta shigo da ɗankwalin cocin nan a kanta. Ta ja kujera ta ce in ajiye tsintsiya.

"Yau wata ya cika," in ji ta.

Ta ce sati guda kafin rasuwarsa Baba ya zo rumfarta da kwalbata a aljihun babbar riga. Ya tambaye ta ko gaskiya ita ta koya mini. Ya tambaye ta ko da yardarta aka sa fuskarta, ko kunya ce ta sa ta amsa. Sannan ya buɗe kwalbar ya ce ta lasa ta faɗa masa tsakaninta da Allah ko wannan nata ne.

"Na ce nawa ne, amma yarinyar ya cika rowan kifi. Babanki ya yi dariya har hula ya faɗi. Ya ce to shi ke nan, in wata ya cika a kira mai fenti."

Na ce, "Anti, kina gani ina kuka kwana tara, ba ki faɗa mini ba?"

"Ya ce kar a faɗa miki sai wata ya cika. Ni zan karya doka na Alhaji?"

A nan ne na yi kukan da ban yi ranar Talata ba. Mma ta fito ta same mu, ta ji labari, ta ce wannan mutum ko a kabari sai ya sa an bi layi. Muka yi ta kuka muna dariya mu uku a tsakar gida.

Mai fenti ya yi kwana biyu yana aiki, ya ƙi karɓar komai. Anti ta tsaya a kansa tun daga farko har ƙarshe, tana cewa ya ƙara mata hanci, shi kuma yana cewa abin da Allah ya ba ta ya zana. Na ƙara kifi a tukunya, kamar yadda aka umarce ni.

Ranar da fenti ya bushe na ajiye ɗan tebur a gindin bangon na jera kwalabe. Wajen hantsi trotro ya tsaya, wata dattijuwa ta sauko da kaya a kai, da alama daga tafiya mai nisa take. Ban san ta ba. Ta tsaya ta dubi bangon, ta dubi Anti a rumfarta, ta sake duban bangon, sannan ta matso.

"Alhaji ya ɗanɗana ke nan?"

Na ce, "Ya ɗanɗana."

"To ba ni biyu." Tana kwance bakin zaninta ta ce, "Ki gaishe shi. Ki ce mai goron Nima ta dawo."

Na ce mata gaisuwa ba ta kai inda yake yanzu, sai dai addu'a. Sannan ta sauke kayanta a ƙasa, ta ajiye kwalaben a kan tebur, ta ɗaga hannuwa nan bakin titi, motoci suna ta wucewa. Ta roƙi Allah ya gafarta masa, ya haskaka makwancinsa, ya karɓi shaidar da mutane suka yi masa kamar yadda suka karɓi tasa. Na ce amin, daga ƙarshen bangon kuma na ji Anti ta amsa da nata amin ɗin.